Idon Mota da Saitinsa: Darasi a kan Digiri Ɗaya

Shekaru talatin da suka wuce, idan dutse ya fasa gilashin gaban mota, gyaran ba shi da wuya. Mai mota ya sayo sabon gilashi, mai sa gilashi ya cire tsohon ya ɗora sabon, sa'an nan a watsa ruwa a kai a ga ko yana yoyo. In ba ya yoyo, aiki ya ƙare, a biya kuɗi kowa ya kama gabansa. Haka aka riƙa yi wa Peugeot 504 da 505 da aka haɗa a Kaduna, kuma ba laifi a ciki, gama a wancan lokaci mutum ɗaya ne kaɗai yake duban hanya ta cikin gilashin, watau direba.

Yawancin motocin da ake ƙerawa yanzu a Japan da Turai da Amurka suna da mai dubawa na biyu. Idan mai karatu ya tsaya a gaban irin wannan mota ya ɗaga ido zuwa saman gilashi, daidai bayan madubin da direba yake ganin baya da shi, zai ga wata 'yar taga a tsakiyar baƙin fenti. A cikin tagar akwai kyamara. Wannan kyamara tana kallon hanya muddin mota tana tafiya, tana kuwa ba kwamfutar mota labarin abin da ta gani. Bisa ga wannan labari motar takan yi wa direba ƙara, ko ta ɗan juya sitiyari, ko ta taka burki da kanta. To, kyamarar a jikin gilashi take zaune. Wanda ya cire gilashi ya taɓa idon mota ke nan, ko ya sani ko bai sani ba.

Idanu da kunnuwa

Bari mu fara da sanin na'urorin kansu, domin kowace da irin aikinta.

Kyamara ita ce mai gane siffa. Ita ce take bambanta mutum da turken fitila, ta gane farin zanen da ke raba hanya, a waɗansu motoci har ta karanta allon da ke nuna iyakar gudu. Yawancin kamfanoni kyamara ɗaya suke sawa. Kamfanin Subaru, a tsarinsa mai suna EyeSight wanda ya fito a Japan a 2008, ya sa guda biyu gefe da gefe kamar idanun mutum, domin ya auna nisa daga bambancin hotunan biyu.

Ta biyu ita ce radar. Tana ɓoye a gaban mota, a bayan tambarin kamfani ko a cikin ragar da iska ke shiga, ko a bayan bamba. Aikinta shi ne ta aika da igiyar rediyo, ta jira ta bugi abu ta dawo, kamar amsa-kuwwa a gindin dutse. Igiyar rediyo tana gudun haske ne, kimanin kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Saboda haka idan akwai tirela a mita 150 a gabanka, zuwa da dawowa mita 300 ne, saƙon kuwa zai komo cikin kashi ɗaya bisa miliyan na sakan. Har wa yau radar tana sanin ko abin yana matsowa ne ko yana nisa, da kuma saurinsa, ta wurin canjin da igiyar take yi idan ta dawo. 'Yan ajin kimiyya sun san wannan da sunan Doppler, mutumin Ostiriya da ya bayyana shi a 1842. Shi ne dalilin da ya sa ƙarar hon take sauka da zarar mota ta wuce ka. Duhu bai dami radar ba, hazo ma bai cika damunta ba, sai dai ba ta iya ganin zanen fenti a kan kwalta. Don haka ake haɗa ta da kyamara, kowace ta rufa wa 'yar'uwarta asiri. Akan kuma sa ƙananan radar biyu a kusurwoyin bamba ta baya, masu faɗa wa direba cewa akwai mota ko babur a gefen da madubi ba ya nunawa.

Sai waɗannan 'yan da'irori kamar maɓallin riga da ake gani jere a jikin bamba. Su sauti suke aikawa, mai tsinin da kunnen mutum ba ya ji, yadda jemage yake yi. Mita kaɗan suke kaiwa, amfaninsu a wajen ajiye mota ne.

Waɗannan abubuwa sun fara ne a motocin masu hali. Mercedes-Benz ya sa radar mai kiyaye tazara a babbar motarsa ta S-Class a ƙarshen shekarun 1990, Honda ya fito da burki mai rage ƙarfin karo a 2003, Volvo kuma ya kawo City Safety a 2008. Abin ya zama ruwan dare ne bayan 2016, shekarar da kamfanonin mota 20 suka yi alkawari da hukumomin Amurka cewa kafin Satumba 2022 kusan kowace sabuwar ƙaramar mota za ta fito da burki mai taka kansa. Tarayyar Turai ta mai da shi doka a kan dukan sababbin ƙananan motoci daga Yuli 2024. Ba don ado aka yi haka ba. Cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshora na Amurka suke ɗaukar nauyinta, ta bincika rahotannin 'yan sanda ta tarar cewa motocin da ke da gargaɗi haɗe da wannan burki sun rage bugun bayan wata mota da kimanin rabi.

Lissafin

Yanzu mu zo kan ainihin darasin. Kyamara ba ta san inda take kallo ba. An gaya mata ne. Kafin mota ta bar masana'anta, akan tsai da ita a gaban waɗansu alluna da aka auna wurinsu sarai, a rubuta a ƙwaƙwalwar kwamfuta cewa wannan ɗigo a cikin hoto shi ne tsakiyar hanyar da motar ta dosa, wannan layi kuma shi ne inda sama ta haɗu da ƙasa. Daga ranar, duk wani awo da kyamarar za ta yi daga wannan ɗigo take farawa. Idan aka karkatar da ita, za ta ci gaba da lissafi da tsohon ɗigon ba tare da wata shakka ba.

Ɗaliban da suka shiga ɗakin gwaje-gwaje sun san irin wannan. Abu na farko da malami yake cewa a duba kafin a ɗora kome a kan sikeli shi ne ko allura tana kan sifiri. In tana kan giram 5 tun sikelin yana wofi, to, ko sau goma ka auna, ko da wane irin natsuwa, kowace amsa ta ɗauki ƙarin giram 5. Sikelin ba zai yi maka gardama ba. Amma kuskuren sikeli yana da sauƙi, domin giram 5 ɗin nan ba ya ƙaruwa. Kuskuren kusurwa shi yana girma tare da nisa. Ka riƙe tocila da dare ka haska bangon da ke nesa, sa'an nan ka ɗan motsa wuyan hannunka kaɗan. A hannunka motsin bai kai kome ba, a bango kuwa hasken ya yi tsalle daga wannan taga zuwa waccan.

Mu sa lamba a kai. A jadawalin lissafi, tan na digiri 1 shi ne 0.0175. Ma'anarsa, a kowace mita ɗaya da aka yi gaba, layin da ya karkace da digiri ɗaya yana kauce wa hanyarsa da santimita 1.75. A mita 10 ya kauce da santimita 17 da rabi, abin da ba zai tada hankalin kowa ba. A mita 50 ya zama santimita 87. A mita 100 ya kai mita 1.75. Faɗin hannu ɗaya na babbar hanya kuwa mita 3.5 ne ko sama da haka kaɗan. Ashe digiri ɗaya ya ci rabin hannunka a mita 100. Mita 100 kuma ba nisa ba ne ga mota: a gudun kilomita 100 a awa, tana cin kusan mita 28 a kowane sakan, watau ba ta cika sakan huɗu ba ta iso.

Tun 1972 a hannun dama muke tuƙi a Nijeriya. Idan radar ta karkace hagu, ta fara leƙa hannun masu zuwa ke nan, tana kuwa iya sake motar da ke gabanka da gaske. Idan ta karkace dama, hankalinta ya koma kan abin da ke tsaye a bakin hanya. Ta farko tana iya jinkirta burki a lokacin da ake bukatarsa. Ta biyu tana iya taka burki ba dalili, alhali kuwa akwai bas cike da mutane a bayanka.

Yaya girman digiri ɗaya yake a jikin kyamarar? A ce tsawon akwatinta santimita 10 ne. Idan gefe ɗaya ya ɗaga da milimita 1.75, digiri ɗaya ya cika. Wannan bai wuce kaurin tsinken ashana ba. Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne a wajen awon dawa. A nan kam ido bai san kima ba, ko da idon wanda ya shekara ashirin yana sa gilashi ne.

Karkata zuwa sama ko ƙasa ta fi wannan ban mamaki, ina kuma so 'yan babban aji su bi ni a hankali. Ɗaya daga cikin hanyoyin da kyamara guda take ƙiyasta nisa ita ce ta duba wurin da tayoyin motar gaba suka taɓa ƙasa. Abin da ke kusa yana fitowa a ƙasan hoto, abin da ke nesa yana hawa sama. A ce kyamara tana mita 1.3 daga ƙasa, motar gaba kuma tana mita 30. Raba 1.3 da 30, ka sami 0.0433, wanda shi ne tan na kimanin digiri 2.5. To, a ce an sa kyamarar ta sunkuya da digiri ɗaya ba ta sani ba. Kome zai hau sama a cikin hoton da digiri ɗaya, sai ta karanta digiri 1.5 maimakon 2.5. Raba 1.3 da tan na digiri 1.5, amsa ta fito kimanin mita 50. Mota tana mita 30, kwamfuta tana zaton tana 50. Idan kuwa ɗagawa kyamarar ta yi, za ta karanta digiri 3.5, ta ce motar tana mita 21. Wannan rata ta mita 20 a misali na fari, a gudun kilomita 80 a awa, kusan sakan guda ne cif.

Lalle injiniyoyi ba su bar abin a haka tsirara ba. Kwamfutar tana gwada amsar kyamara da ta radar, tana lura da yadda hoton motar gaba yake girma, waɗansu kuma suna gyara ƙaramin kuskure da kansu yayin tafiya. Amma wannan gyaran kai yana da iyaka, kuma kamfanonin da suka ƙera na'urorin su ne da kansu suka rubuta a littattafan gyaransu cewa a sake saiti bayan an canza gilashi.

Gyaran da ke taɓa saiti

Gilashin gaba falle biyu ne da aka manne da siririn roba a tsakani, shi ya sa yake tsagewa kamar saƙar gizo-gizo ba ya warwatsewa. Yana da lanƙwasa, haske kuma yana ɗan tanƙwarewa idan ya ratsa shi. Ashe gilashin da kansa ya zama kamar tabarau a gaban kyamara. Mazaunin da kyamarar take shiga a manne yake da gilashin tun daga inda aka yi shi, saboda haka sabon gilashi yana zuwa da sabon mazauni. Ƙara da kaurin gam ɗin da aka zuba a kewaye, da yadda hannu ya danna shi. Ko gilashin kamfani na asali aka sa, tilas a sake saiti. Idan kuwa mai araha ne wanda lanƙwasarsa ba ta yi daidai ba a wurin tagar, wani lokaci saitin ƙin kamawa yake yi sam, sai an sake sayen wani. Araha ba ta ado.

A wajen masu gyaran jiki abin ya fi yawa. Radar tana zaune a kan ɗan ƙarfe da aka ɗaure a jikin mota. Bugun da bai ko fasa fitila ba yana iya lanƙwasa wannan ƙarfe. Mai gyara ya miƙe shi da hannu ko da guduma har ya yi kyau a ido, ya mai da bamba, ya fesa fenti. Mai mota ya zo ya ga tana sheƙi ya yi murna.

Fentin ma yana da nasa. Igiyar radar tana ratsa roba, ba ta ratsa ƙarfe. Fenti mai ƙyalli yana ɗauke da ƙananan ɓarɓashin alminiyam, don haka kamfanoni da yawa suka ƙayyade kaurin fentin da za a sa a gaban radar, suka kuma hana a cike lotsa ko a yi faci a wannan wuri, sai dai a canza bamba ɗungum. Tambarin Toyota na motocin da radar take bayansa sumul yake kamar faranti, ba shi da tudu da kwari irin na da. Ƙyallinsa na wani siririn shafe ne na musamman da igiya take iya wucewa ta ciki. Idan aka sace shi, ko ya fashe, aka sa na kasuwa wanda ba a yi shi domin radar ba, an ɗaure wa motar ido da ƙyalle ke nan. Haka nan katon ƙarfen kariya da waɗansu suke sawa a gaban jif da a-kori-kura.

Akwai kuma gyaran da ba a taɓa na'urar ba ko kaɗan amma saiti ya tashi. Mota ba ta bin inda hancinta ya nuna, tana bin inda tayoyin baya suke tura ta ne. Kowa ya taɓa ganin tsohuwar mota tana tafiya a karkace kamar kare. Idan aka daidaita tayoyi, ko aka canza kayan ƙafa, hanyar da motar take bi ta sake, kyamara kuwa tana nan a kan tsohon labari. A gindin sitiyari ma akwai ma'auni mai faɗa wa kwamfuta yawan juyin da direba ya yi, shi ma akan mai da shi sifiri bayan irin wannan aiki. Wanda ya ƙara wa motarsa tsayi saboda ramukan hanya, ko ya sa tayoyin da suka fi na asali girma, ya canza mita 1.3 ɗin nan da muka yi lissafi da ita ɗazu.

Abin da ya fi damuna a duk wannan shi ne fitilar gargaɗi. Mutane sun saba cewa in babu fitila a kunne a gaban direba, lafiya lau. Fitilar takan kama idan an cire waya, ko laka ta rufe na'urar, ko karkatar ta yi yawa ƙwarai. Ƙaramar karkata ba lalle ta kunna kome ba, gama a wurin kwamfuta hoto yana zuwa, lissafi yana fita, ba abin da ya lalace.

Yadda ake yin saitin

Hanya biyu ce. Ta farko a tsaye ake yinta a cikin gareji. Ana bukatar daɓe lebur mai faɗi, da haske wanda ya bazu daidai, ba rana mai shigowa ta ƙofa tana bugun kyamara ba. Kafin a fara, a duba iskar tayoyi, a sauke kaya daga but, a tabbata tayoyi a daidaice suke. Waɗansu kamfanoni har sukan ce a cika tanki, domin nauyin mai yana canza yadda mota take zama. Sa'an nan a nemo tsakiyar motar. A motocin Toyota da yawa, igiya mai nauyi a ƙarshenta irin ta magina ake saukarwa daga tsakiyar tambarin gaba da na baya, a yi alama a ƙasa, a ja zare ya haɗa alamun biyu ya zarce gaba. A kan wannan zare ake auna inda za a kafa allon saiti, mai zanen baƙi da fari, a nisa da tsayin da littafin wannan motar ya faɗa, har zuwa milimita. Kowane kamfani da irin zanensa, allon Honda ba ya yi wa Volkswagen aiki. Daga nan a jona na'urar bincike a wata kafa mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda doka ta tilasta a motocin Amurka tun 1996, a umarci kyamara ta dubi allon ta koyi sabon sifirinta. Ita radar, wani ƙarfe mai kusurwa uku ko faranti ake kafa mata, a kuma kwashe duk wani ƙarfe da ke wurin don kada ta kama shi a maimakon na gaskiya.

Ku lura da wani abu a nan. Kyamara tana gaskata allon ne ɗari bisa ɗari. Idan mai aikin ya kafa allon a karkace, ko daɓen yana da gangara, za ta koyi kuskuren ta rubuta cewa saiti ya yi nasara. Tef ɗin awo da zaren nan su ne ainihin aikin. Na'urar mai tsada tana bin bayansu ne.

Hanya ta biyu a kan titi ake yinta. A jona na'urar bincike, a tuƙa motar a gudun da aka ƙayyade, da rana, a hanya miƙaƙƙiya mai zanen layi da ke fitowa sarai, har kwamfuta ta tara abin da ya ishe ta. Yawancin motocin Ford haka ake yi wa kyamararsu. Waɗansu motocin kuma sai an haɗa musu hanyoyin biyu.

Kada a zaci a ƙasashen da aka ƙera motocin kome yana tafiya sumul. A 2023 cibiyar IIHS ta fitar da sakamakon tambayoyin da ta yi wa masu motoci, inda kimanin rabin waɗanda aka yi wa gyaran irin waɗannan na'urori suka ce sun ci gaba da samun matsala bayan an gama aikin. Wannan a Amurka ke nan, inda kayan aiki da littattafan kamfani suke a hannu.

Inda abin ya shafe mu

Wani zai ce ina ruwanmu da wannan, mu da muke fama da tsofaffin motoci. Amsar tana cikin shekarun ƙira. Toyota Corolla da aka sayar a Amurka daga ƙirar 2017 tana da kyamara da radar ko da mai ƙaramin kuɗi ce. Camry da Honda Accord sun bi sahu daga ƙirar 2018. Waɗannan su ne motocin da muka fi so a ƙasar nan, kuma yanzu shekarunsu sun kai na tokumbo. Sanannen abu ne kuma cewa da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su daga Amurka an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari, waɗanda kamfanin inshora ya ga gyaransu bai biya ba. A loda su a jirgin ruwa yadda suke, su sauka a Legas ko Kwatano, a nemo bamba da fitila da gilashi a kasuwa irin ta Ladipo ko Ƙofar Ruwa, a gyara su a nan gida. Masu gyaran jikinmu gwanaye ne, wannan ba gardama. Suna iya mai da motar da gabanta ya murƙushe ta koma kamar sabuwa. Sai dai gaban mota shi ne mazaunin radar, kuma mai saye a filin dillalai fenti yake gani. Yana iya yi wa rogo kallon kitse.

Hanyoyinmu ma suna ƙara wahalar. Saitin kan titi yana neman farin zane mai kyau na tsawon kilomitoci, wanda a wurare da dama ya goge ko ba a taɓa yinsa ba. A lokacin hunturu ƙura takan kwanta a kan tagar kyamara, wurin da hannun mai wanke mota ba ya cika kaiwa. Ga kuma al'adarmu ta manna takardu a gilashi, da baƙar ledar rage rana da ake shimfiɗawa a samansa, daidai inda tagar take.

Saboda haka iyaye da ma'aikata masu irin wannan mota, ko masu shirin saye, su fara da duba bayan madubi su san ko motarsu tana da ido. In tana da shi, kafin a cire gilashi a tambayi mai aikin ko wannan gilashi na mota mai kyamara ne, wa zai yi saiti bayan an sa, da wane allo kuma. Wanda ya ce ai da kanta take saita kanta, a ce ya nuna inda littafin motar ya faɗi haka. Na'urar bincike tana fitar da rahoto idan an gama, a karɓa a ajiye tare da takardun mota. Idan babu mai yin saitin a garinku, sai an je babban birni, to, kafin a je direba ya sani cewa na'urar ba abar dogara ba ce, ya bar tazara mai yawa, ya kashe mai juya sitiyari in motar ta ba da dama. Ya kuma sani cewa a motoci da yawa burkin nan yana sake kunna kansa duk lokacin da aka tada inji. Alamun rashin saiti sun haɗa da mota ta riƙa jan ka gefe ɗaya alhali kana tsakiyar hannunka, ko ta yi ƙara ba kome a gaba, ko ta yi shiru har ka kusa taɓa na gabanka.

Ga ɗalibanmu masu sha'awar kanikanci, wannan sana'a ce da masu yinta ba su yi yawa ba tukuna a ƙasarmu, motocin kuwa kullum shigowa suke. Ba ƙarfin damtse take nema ba. Tana neman wanda zai iya karanta littafin kamfani da Turanci ya gane, ya auna milimita ba tare da ya ce ai ya yi kusa ba, ya kuma san abin da tan yake nufi. Wannan darasin kusurwa da waɗansunku suke hamma a cikinsa ranar Litinin da rana, shi ne wannan.

Ga aikin hutu ga 'yan babban aji biyu da uku. Radar ta karkace hagu da digiri 2. Faɗin kowane hannu na hanya mita 3.5 ne, motar kuma tana tsakiyar hannunta. A wane nisa ne tsakiyar kallon radar zai faɗa daidai tsakiyar hannun masu zuwa? Idan motar tana gudun kilomita 90 a awa, sakan nawa za ta ɗauka ta cinye wannan nisa? A yi zane, a nuna aiki, a kawo mini a ofishin malamai makon farko na sabon zango.